Mikisa da situdiyon matasan Kilomita Biyar: a yi lissafi kafin a zuba kuɗin adashi

Tun da ƙura ta lafa a Kilomita Biyar bayan tashin hankalin 2013 da 2014 da kuma arangamar Disambar 2019, matasa a Kokoro da unguwannin da ke kewaye da ita suka fara sha'awar buɗe ƙaramin situdiyo. Ɗaki guda ne, da katifa jingine a bango don tare amo, da makirufo da kwamfuta. Wani madahu yake son ɗauka, wani waƙar biki, wani kuma tallan 'yan kasuwa. Jarin galibi daga adashi yake fitowa ko daga aljihun yaya, kuma abin da aka fi ɗokin saye shi ne mikisa, wato na'urar nan mai jerin maɓallai da ake haɗa sauti da ita. A nan ne kuma aka fi tafka asara.

Matsalar tana farawa daga rubutun USB da ke jikin kwali. Da yaro ya gan shi sai ya ɗauka kowace murya za ta shiga kwamfuta a layinta daban. Ba haka abin yake ba. Mikisoshi masu sauƙin kuɗi irin Yamaha MG10XU da na jerin Behringer Xenyx suna karɓar makirufo da yawa, amma layi biyu kacal suke aika wa kwamfuta, hagu da dama, bayan sun riga sun cakuɗa komai. Ɗauki misalin ƙungiyar madahu: ga mai ja, ga 'yan amshi uku, ga mai mandiri. In mandirin ya danne muryar mai ja, ko wani ɗan amshi ya yi tari a tsakiyar baiti, babu gyara sai a sake daga farko, domin gishirin da ya narke a miya ba a tsamo shi. Mai son kowa ya zauna a layinsa sai ya nemi irin Soundcraft Signature 12 MTK, wadda ke tura kowace kafa daban, amma kuɗinta ya ɗara na waɗancan nesa ba kusa ba.

Tambayar farko ke nan: mutum nawa za su yi sauti a lokaci guda? Yawancin waƙoƙin zamani da muke ji daga Kano a kwamfuta ake haɗa kiɗansu, da manhaja irin FL Studio, sannan mawaƙi ya zo ya ɗora murya shi kaɗai. Mai irin wannan aiki ba ya bukatar mikisa sam. Katin sauti mai kafa biyu, kamar Focusrite Scarlett 2i2, ya ishe shi, ga shi daga kwamfutar yake shan wuta. Ragowar kuɗin ya sayi makirufo mai kyau, ya gyara ɗakin. Mai kafa goma sha shida da ba a amfani da goma sha huɗu, ado ne kawai na burge masu shigowa.

Ta biyu ita ce wuta. Bangui ta daɗe tana dogaro da tashoshin ruwa na Boali da kamfanin Enerca ke gudanarwa. An ƙara tashar sola ta Sakaï mai megawat 15, da ta Danzi mai megawat 25 da aka buɗe a Nuwambar 2023, amma kowa ya san har yanzu ana ɗaukewa, kuma in ta dawo takan zo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Mikisa irin ta da, mai aiki da wayoyi zalla, wutar bango take bukata, kuma ƙugin janareta yakan kutsa cikin abin da aka ɗauka. Don haka sitabilaiza da batir da faifan sola suna cikin farashinta, ko mai shago bai faɗa ba. Akwai irin Zoom LiveTrak L-8 da ke aiki da ƙananan batura huɗu, tana ɗaukar layi-layi kai tsaye a katin SD ba tare da kwamfuta ba, sai dai ita ta dijital ce.

A nan ne ta da ke da nata alfanun. In ƙurar rani ta shiga maɓalli ya fara ƙarar-ƙarar, ko wata kafa ta mutu, mai gyaran rediyo a kasuwa zai iya buɗewa ya goge, ya liƙe da dalma, sauran kafafun kuma na ci gaba da aiki. Ta dijital kuwa in allonta ya ƙone, sai dai a ajiye ta a saman kabad.

Ta uku ita ce hanya. Ba mu da teku. Kaya daga Duwala suke tasowa, su bi Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar kafin su iso mu, kuma ba mu manta yadda hanyar ta toshe daga Disambar 2020 zuwa farkon 2021 ba, manyan motoci suka yi cirko-cirko a kan iyaka. Farashin da aka gani a intanet da Yuro, a ninka shi da sefa kusan 656, sannan a ɗora kuɗin kwastan da na mota. Maganar garanti kuwa a manta da ita, ba wanda zai mayar da na'ura Turai. Ga jabu masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni sun cika kasuwanni. Ko sabuwa ce ko ta hannu, kada a biya sai an jona makirufo a kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, an gwada wutar bolt 48 da makirufon situdiyo ke bukata, an kuma buɗe kwamfuta an ƙirga layukan da suka shigo da ido.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da al'amuran yau da kullum? Ga shi. Gidan rediyon Ndeke Luka da Faransanci da Sango yake magana, makaranta ma da Faransanci muke koyarwa, kuma a aji ina ganin yaran da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. 'Yan uwanmu da suka tsallaka Chadi da Kamaru a 2014 ta WhatsApp suke jin muryar gida. Tafsirin malamanmu na azumi, da labarin dattawan da suka san yadda kakanninmu fatake suka zauna a garin nan, in ba mu ɗauka ba babu mai zuwa ya ɗauka mana, kuma dattawan ba jira suke yi ba. Situdiyon da ya rufe bayan wata uku saboda an sayi abin da bai dace ba, asararsa ta wuce ta mai adashi.

Iyaye da yayyen da ke ba da jarin nan, ku zaunar da yaro ku tambaye shi: me za ka ɗauka, da wace wuta, wa zai gyara in ta lalace? In ya amsa ukun nan, a ba shi kuɗin, Allah ya sa albarka.