Mu gyara gidajenmu kafin damana

Ƴan uwa, a Yamai, Maradi da Damagaram, kuɗin fili da na haya sai hawa suke yi, don jama'a na ƙaruwa. Wanda ɗakinsa ya faɗi yau, da wuya ya tada wani. A shekarar 2024 ruwa ya rushe dubban gidaje, har da tsohon masallacin Birni a Damagaram.

A ganinmu, gyara ya fi sabon gini sauƙi. Tun da rani mu yi yaɓe, mu share indararo, mu canza azarar da gara ta ci. Mu cike ramukan tsakar gida, don ruwan da ya kwanta yana cin gindin bango, a ciki kuma sauro ke hayayyafa. Kada mu jira hadari ya taso.