Allon Talla a Kan Hanyar Saukar Jirgi

Na tashi a wata unguwa da ke ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi idan za su sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Tun ina yaro na saba da ƙugin da kan katse hira a tsakar gida, mu yi shiru har ya wuce. Da na dawo daga hidimar ƙasa sai na tarar an kafa wani ƙaton allon talla mai aiki da lantarki a bakin babban titinmu, yana sauya hoto duk bayan 'yan sakanni. Da daddare haskensa kan ratsa labulen ɗakin mahaifiyata. Ina ganin irin wannan allo ba shi da gurbi a kusa da filin jirgi, kuma duk wanda ya ba da izinin kafa shi ba tare da jin ta bakin masana harkar jirage ba ya yi ganganci da rayukan jama'a.

Hujjata ta farko tana cikin halittar ido. Ido na ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma walƙiya guda ta haske mai ƙarfi ta isa ta rage masa wannan sabon. Shi ya sa matuƙa ke rage fitilun ɗakin tuƙi da dare. Jirgin fasinja kuwa yakan tunkari titin sauka da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato kusan mita 70 a kowane sakan. Idan idon matuƙi ya dushe na sakan uku, ya ci tafiyar mita 200 cikin lalube.

Ta biyu, da launi filin jirgi ke yi wa matuƙi magana. Koren haske na nuna farkon titin sauka, ja na nuna ƙarshensa. A gefen titin akwai fitilu huɗu a jere: biyu farare biyu jajaye na nufin yana kan daidai, jajayen suka yi yawa ya yi ƙasa, fararen suka yi yawa ya yi sama. Allon talla da waɗannan launuka yake wasa, fari da ja da kore, kuma ya fi su girma. A lokacin hunturu, ƙurar da ke rataye a iska kan watsa haskensa ya zama wani farin hazo da ke shafe abin da ke bayansa.

Masu kare allon za su ce ai na'ura ke saukar da jiragen zamani. Gaskiya ne akwai na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi, sai dai a matakinta na farko, wanda aka fi samu, dole matuƙi ya ga fitilun titin da idonsa idan ya sauko zuwa kusan mita 60 daga ƙasa, in ba haka ba ya fasa sauka. Tsakanin nan da taɓa ƙasa bai wuce sakan 20 ba. A wannan ɗan lokacin ne mai talla ke neman rabonsa a idon mutumin da ke ɗauke da ɗaruruwan rayuka.

Za su kuma tambaya: wane jirgi allo ya taɓa kayarwa? Wannan tambaya ce ta mai jiran gawa kafin ya yarda da cuta. A watan Yulin 2017, wani jirgin Air Canada ya kusa sauka da dare a kan hanyar da jirage huɗu ke jiran tashi a birnin San Francisco na Amurka, domin matuƙan sun yi kuskuren fahimtar fitilun da suka gani. Babu allon talla a lamarin, amma ya nuna cewa ƙwararru ma fitila kan ruɗe su. Mu Kanawa kuma mun san abin da faɗuwar jirgi a cikin gari ke nufi: ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ya faɗa Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, wasunsu suna cikin gidajensu. Ba haske ne sanadi ba, amma darasin ya tsaya: hatsarin jirgi ba na fasinja kaɗai ba ne.

Ƙa'ida ma tana nan. Kundi na 14 na Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta, ya tanadi cewa duk wata fitila a kusa da filin jirgi da ka iya jefa jirgi cikin hatsari, a kashe ta, ko a kare ta, ko a gyara ta. Don haka nake kira da kada hukumomin tallace-tallace na jihohi su ba da izinin kafa allo a kan hanyar sauka sai da sa hannun Hukumar Kula da Jiragen Sama ta Najeriya. Allunan da aka riga aka kafa a rage haskensu da faɗuwar rana, a hana su walƙiya, a karkatar da fuskarsu daga hanyar jirage, wanda ya ƙi gyaruwa a tumɓuke shi.

Ba na ƙin ciniki, kuma na san jiha na buƙatar kuɗin shiga. Amma Kano tana da tituna da yawa da mai talla zai koma, jirgin da ya nufo titin sauka kuwa hanya ɗaya gare shi, kuma gidan mahaifiyata yana ƙarƙashinta.