Mu Ware Damin Iri Kafin Kasuwa

'Yan'uwa matasa, a Italiya akwai ruwan inabi mai suna Chianti. Tun 1716 mai mulkin Toskana ya shata iyakar yankin da ake yinsa, domin ƙasar tuddan nan da ranarsu ne ke ba inabin ɗanɗano. Har yau a Italiya na wajen Toskana ba ya ɗaukar sunan.

Mu a Mai'adua gero ne namu. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, damina kuma gajera. Shi ya sa iyayenmu suka riƙe irin da ke nuna cikin kamar kwana 90, suka bar gawo tsaye a gona, tunda da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa shuka rana. Kowace kaka sukan zaɓi zangarniya mafi kyau su ɓoye don iri. Furarmu daga nan ta samo daɗinta.

Mu kuwa mukan sayar da komai, ranar shuka mu auno duk abin da muka samu. Wasunmu sun koma masara, mai son taki da ruwan da jigawa ba ta da shi. Bana, kafin buhu ya tafi kasuwar Lahadi, mu ware damin iri, mu tambayi tsofaffi sunansa.