MAI TIYATA MA A BA SHI ARBA'IN ƊINSA

 A wannan makon na ɗan ajiye labarinmu a gefe, domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin riƙon da muke yi wa wanda aka yi wa babbar tiyata bayan an sallamo shi daga asibiti.

Duk mai karatun littattafan Hausa ko kallon finafinanmu ya san wannan fitowar. An garzaya da tauraruwa asibiti, an shige da ita ɗakin tiyata, dangi suna ta safa da marwa a baranda, can sai likita ya fito yana cire safar hannu ya ce an yi nasara. Shafi biyu a gaba sai ka ganta ta ci kwalliya da leshi, tana kicin tana haɗa wa maigida farfesun kaza, ko kuma tana tsakiyar fili a wurin kamun ƙawarta. To ai ba daga sama marubuci ya samo wannan ba, abin da ake tsammani a gidajenmu ne ya kwaso ya zuba a takarda. A wurinmu ranar da aka warware ɗinki ita ce ranar da ciwo ya ƙare. Daga ranar, duk wadda ta ce ta gaji sai a fara kallon-kallo, a ce son jiki ne, raki ne, ko kuma ta ji daɗin kwanciya ne ba ta son karɓar girkinta.

Ni kuwa ra'ayina shi ne, warkewar fata daban, dawowar ƙarfi daban, kuma tsakaninsu akwai tafiyar makonni, wani lokacin ma watanni. Bari in kawo dalilaina.

Na farko, abin da ido yake gani a cikin mai tiyata shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin da aka yi. Ɗauki matar da aka ciro wa jariri ta hanyar aiki. Likita ya yanka fata, ya ratsa kitse, ya yanka farar tantani mai tauri da ke riƙe da naman ciki, ya buɗa naman, ya keta rigar da ta lulluɓe hanji, sannan ya yanka mahaifar kanta. Fatar waje takan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma na ciki suna nan suna saƙa a hankali. Masana raunuka sun auna cewa bayan mako 3 ƙarfin wurin ɗinki bai kai kashi ɗaya cikin uku na yadda yake a da ba, sai an yi kamar wata 3 yake kaiwa wajen kashi 80 cikin 100, kuma daga nan ba ya komawa daidai da na asali. Wannan saƙar da jiki yake yi dare da rana abinci take ci, ƙarfi take ci. Mutum yana zaune ka ga kamar ba ya komai, alhali jikinsa yana can yana aikin gini.

Na biyu shi ne jini. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. A haihuwa ta hanyar aiki mace takan zubar da abin da ya kai kusan lita ɗaya, wato ninki biyu na abin da aka saba zubarwa a haihuwar da ta zo da kanta. Sannan ku tuna da wane jinin muke shiga ɗakin tiyatar. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ga mai ƙari a mahaifa kuwa, sau da yawa ta shafe shekaru tana zubar da jini fiye da ƙima duk wata kafin a kai ga aikin. Jini shi ne mai ɗaukar iska ya kai wa kowace gaɓa, idan ya yi ƙasa sai jiri, sai bugun zuciya, sai haki daga ɗaki zuwa banɗaki. Ruwan da aka ƙara mata a asibiti yana cike gurbi ne kawai, jan jinin kansa sai jiki ya ƙera sabo, kuma wannan aikin makonni ne.

Na uku, kwanciya kanta tana cin nama. A 2007 an wallafa wani bincike a Amurka, inda aka kwantar da wasu tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a gado, da aka tashe su aka auna sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. Waɗannan fa ba a yanka su ba, ba su da ciwon komai. To ina ga wanda aka yanka, ya yi kwanaki bai ci abincin kirki ba, zafin ciwo ya hana shi barci? Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Danmak, Farfesa Henrik Kehlet, shi da abokan aikinsa sun bibiyi wannan gajiyar tun shekarun 1980, suka gano cewa ko da aiki ya tafi lafiya lau babu tangarɗa, kusan mutum ɗaya cikin uku yana fama da matsananciyar gajiya har tsawon watan farko. Ke nan abu ne da likitoci suka sani, suka auna, ba shagwaɓa ba ce.

Ni ganau ce, ba jiyau ba. Shekara 4 ke nan da aka yi mini aikin ƙari a mahaifa. An sallame ni a kwana na biyar, ɗinki ya yi kyau, kowa yana ta barka. Amma har na yi wata guda, in na yi wanka sai na zauna a bakin gado na huta kafin in iya shafa mai. Rubutun da na saba cika shafi 15 a dare ɗaya, sai ga shi in na rubuta rabin shafi biro ya yi mini nauyi, kaina ya ɗau zafi, in manta sunan da na sa wa mutum a babin baya. Wata rana ƙanwata ta shigo ta same ni kwance da hantsi, ta ce, "Yaya, har yanzu? Ai na ga wurin ya bushe." Mahaifiyarmu tana gefe tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke dai ki ƙyale ta, jiki magayi." Sai da na shiga wata na uku sannan na ji ni ce ni. Kuma ni ina da uwa a kusa, ina da 'ya'yan da suka tasa. Ina tuna wata yarinya da muka kwanta ɗaki ɗaya, haihuwarta ta fari, tun tana gadon asibiti ake aiko mata da tambayar yaushe za ta koma ɗakinta, don wai abokiyar zamanta ta gaji da girki ita kaɗai.

Wani abin da ke ɓoye wannan gajiyar shi ne bakinmu. In aka ce wa Bahaushe "ya jiki?" amsa ɗaya ce, "da sauƙi." Ko yana ganin ɗaki yana juya masa, da sauƙi zai ce, domin kunya da kara da gudun a ce ya kasa godiya. Ga kuma 'yan dubiya, Allah Ya saka musu da alheri, amma a yi ta sallama daga safe har bayan isha'i, mara lafiya ta tashi zaune, ta ɗaura ɗankwali, ta amsa gaisuwa, ta yi murmushi, wani zubin ma ta miƙe ta kawo ruwa. Kowa ya fita yana cewa ai ta warware, a daren kuma ita kaɗai ta san yadda ta kwana.

Abin mamaki, iyayenmu sun riga mu gane wannan. Su ne suka yanka wa mai jego kwana 40, ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta girki, in haihuwar fari ce ma a ɗauke ta a kai ta gidan iyayenta, a yi ta ɗura mata kunu da gasasshen nama. Likitocin zamani kuma suna ce wa wadda aka yi wa aikin haihuwa ta ba jikinta kamar mako 6, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Mako 6 kwana 42 ne. Kun ga lissafin tsofaffi da na asibiti sun kusa haɗuwa. Wadda aka cire wa mahaifa ta hanyar buɗe ciki akan ce mata mako 6 zuwa 8, wanda aka tsaga wa ƙirji aka yi masa aikin zuciya kuwa yakan kai wata 3.

To amma wa yake ba waɗannan arba'in? Wadda aka cire wa ƙari ko nono ba ta dawo gida da jariri ba, babu suna, babu rago, don haka babu mai tuna cewa ita ma jego take yi. Maza ma ba su tsira ba. Ɗan dako a Kwari ko Dawanau da aka yi wa aikin gwaiwa, ko mai tuƙa adaidaita da aka buɗe wa ciki, sati biyu ya yi yawa ya koma bakin nema, domin ranar da bai fita ba tukunya ba ta hau wuta ba. Ma'aikacin kamfani kuwa, dokar ƙwadago ta Nijeriya kwana 12 na aiki kawai ta tilasta a biya shi na rashin lafiya a shekara. Kwana 12 ina, mako 6 ina?

Na san mai karatu zai ce, Hajiya, kina magana kamar kowa yana da mai aiki. Gaskiya ne, talaka ba shi da hutu. Amma mu da muke iya haɗa gudunmawar biki, mu yi anko, mu yi adashi don kayan ɗaki, ba za mu kasa haɗa wa ɗan'uwa cefanen wata guda ba. Kuɗin lemun kwalba da madarar gwangwani da 'yan dubiya goma suke kawowa, in aka haɗa ya sayi mudun wake da ƙwai da hanta. Kuma a yi lissafi da kyau: wanda ya koma ɗaukar buhu da wuri, ɗinkin ciki ya saki, wurin ya bultso, sai an sake sabon aiki da sabon kuɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Hutun da nake nufi ba a shimfiɗe mutum kamar tabarma ba ne. Shi wannan Farfesa Kehlet shi ne a shekarun 1990 ya fito da tsarin tayar da mara lafiya da wuri, a ba shi abinci da wuri, a kashe masa zafin ciwo yadda zai iya takawa, kuma asibitoci da dama a duniya sun ɗauki tsarin. Tattaki kaɗan a tsakar gida safe da yamma, ana ƙarawa kullum, yana dawo da nama, yana hana jini daskarewa a ƙafa. Abin da za a ɗauke masa shi ne nauyi, daka, jan guga, wankin tuli, tuƙin tuwon gidan yawa da doguwar tsayuwa. Haka nan ba duk abin da ke cikin jegon gargajiya za a kwaso ba. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. A ɗauki hutun da abincin, a bar gashin da kanwar, balle ga mai ɗanyen ɗinki.

Ga mai jinya, abinci shi ne rabin magani: wake, ƙwai, kifi, nama, hanta, awara, zogale, alayyahu, a haɗa da lemun zaƙi ko gwaba domin suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage wannan tsotson, madara kuma duk amfaninta ba ta da sinadarin ƙarfe na a zo a gani, don haka haɗin lemun malt da madara ba ya maye gurbin ƙwayar ƙarin jini da likita ya rubuta. A sha ƙwayar har iya lokacin da aka ce, ko da bayan gida ya yi baƙi, haka take yi. In azumi ya riske shi, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, salla ma ya yi a zaune in tsayuwa ta gagara.

Sai dai akwai gajiyar da ba a zama da ita a gida. In gajiya tana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ko jini ya ɓalle, to a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Haka wadda ta koma kuka ba dalili, ba ta son magana, ba ta son ɗanta a kusa, a kai ta ta ga likita, kada a tsaya ga cewa iska ce ko sammu.

Roƙona ga maigida, idan ka tambayi matarka jiki ta ce da sauƙi, ka ƙara tambaya ta biyu, ka ce yau me kika kasa yi? Ga uwar miji da abokiyar zama, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, wuƙar likita ba ta san uwargida ko amarya ba. Ga 'yan'uwana marubuta kuma, in mun kai tauraruwa ɗakin tiyata, mu ba ta babi guda ta yi jinya, mai karatu ya ga wa ya tsaya mata wa ya gudu, domin a nan ne ake gane masoyin gaskiya, ba a wurin dina ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.