Saiwa ta fi tarakta iya fasa ƙasa

Duk wanda ya yi shekaru yana hayar tarakta ya san wannan gona: sama laushi, amma da an tona kamar taƙi ɗaya sai fartanya ta yi tsalle. Faifan haro yana yanka a zurfi ɗaya kowace shekara, tayoyi na danne abin da ke ƙarƙashi, har ƙasar ta zama kamar daɓe. Ruwa ya kwanta ko ya gudu da taki, saiwar masara ta karkace gefe, fari na mako biyu ya kwantar da ita. Mai gona kuma ya sake kiran tarakta, wato mai laifin.

A ganina maganin saiwa ne. Sai dai manominmu ba zai shuka abin da ba a ci ba don kawai ƙasa ta ji daɗi, kuma yana da gaskiya. Don haka a zaɓi shukar da za ta huda ƙasa, dabba kuma ta ci ganyenta.

A Amurka wani dogon radish suke shukawa bayan girbi, sanyin hunturu ya kashe shi, ya ruɓe ya bar ramuka. Mu ba mu da wannan sanyin, muna da watannin rani ba ɗigon ruwa. Abin da ya dace da mu shi ne mai jure fari. Waken Turawa, wanda wasu ke kira waken Masar, yana da saiwa ɗaya mai ƙarfi da ke ratsa ƙasa mai tauri, awaki kuma na son ganyensa. Waken lablab, wanda cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana yaɗawa, yana nan kore bayan waken gida ya bushe. Ana soka shi a tsakanin kunyoyin masara ko dawa idan damina ta yi nisa. Gamba kuwa, da muka mayar abin zana da shinge, saiwoyinta masu yawa ne, suna sassauta ƙasa idan an bar fili ya huta. Waken gida mai harawa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma a wurin da ya zama fako kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Gwara a haɗa mai doguwar saiwa da ciyawa.

Inda ake ɓata aikin shi ne wajen kiwon. Kofaton sa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman ta laka, yana danne ta fiye da yadda aka same ta. A jira ta bushe. Kada a bari a cinye ƙarƙaf, a bar abin da zai rufe ƙasa daga rana da iska. Dabba mai yunwa kuma ba a sake ta cikin ɗanyen ganyen wake, kumburin ciki na kashewa. Haka ɗanyen gyauron dawa, shi ma yana kashewa.

Saura tambayar da malaman gona ba su cika so ba: dabbar wa za ta ci? Gona kore a tsakiyar rani, babu shinge, gayyatar rigima ce. A shekarun 1980 cibiyar ILCA ta gwada filaye masu shinge na wata shukar kiwo mai suna stylo tare da Fulanin yankin Kachia, kuma tsadar wayar shinge na cikin abin da ya hana su yaɗuwa. Wanda ba shi da kuɗin shinge, ya zauna da makiyayin da ke kusa tun kafin shuka, a gaban mai unguwa, su tsayar da ranar shiga da ta fita da yawan shanun.