Almakashin mai tsoro

Mun saba ɗora wa hukuma kaɗai laifin toshe bakin marubuta. Ni dai ban yarda ba, shaidata kuwa wasiƙun James Joyce ne.

A 1906 Grant Richards, mai buga littattafai a Landan, ya karɓi gajerun labaransa, Dubliners. Babu hukumar da ta hana. Mai ɗab'i ne ya ƙi jera wasu shafuka, domin dokar Ingila tana iya kama shi tamkar marubucin. Daga Triyeste Joyce ya yi ta aika wasiƙu, ya sassauta nan, ya kafe can, yana kare kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Richards ya janye. A Dablin ma kamfanin Maunsel ya tsorata da wani sakin layi kan Sarki Edward na 7, har Joyce ya rubuta wa Sarki George na 5 a 1911. Fada ta ƙi sa baki. A 1912 aka lalata takardun da aka riga aka buga. Sai 1914 littafin ya fito, a hannun Richards ɗin nan, kuma babu kotun da ta kira kowa.

Shekara takwas saboda hukuncin da ba a taɓa yankewa ba! Malamai ƴan'uwana, mu da ke riƙe da jan alƙalami a aji da cikin ƙungiyoyinmu, kafin mu soke kalmar ɗalibi ko ta mawallafi, mu tambayi kanmu: kuskure muke gyarawa ko tsoronmu muke ɓoyewa? Tsoro ya fi alƙali saurin hukunci, ba ya kuma sauraren ɗaukaka ƙara.