Masaƙar Kakuri da Aikin Daraktoci

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi Kakuri zai ga manyan gine-ginen masaƙu sun yi tsit. Ta farkonsu a tarihi ita ce Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki cikin 1957, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila, don a riƙa saƙa audugarmu a ƙasarmu. Cikin 2002 aka rufe ta, ma'aikata suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu.

An sha faɗin dalilai: ƙarancin wutar lantarki, da tsufan injuna, da yadin fasa-ƙwauri mai araha. Duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau ina daraktocin da aka danƙa wa amanar irin waɗannan kamfanoni? Inji ba ya tsufa dare ɗaya. Aikin hukumar daraktoci ne ta hango ranar, ta sa a riƙa ajiye wani abu daga riba don sayen sabo.

Da aka raba Jihar Arewa cikin 1967 ta zama jihohi 6, daga baya suka kai 19, kowace da rabonta cikin masaƙar. To, dukiyar da masu ita suka yi yawa, kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Nan ne fa hukuma mai ƙarfi take da rana, don ita ce idon masu dukiya.

Wani darasin yana Jihar Yamma. Cikin 1962 Hukumar Binciken Coker ta duba kamfanonin gwamnati guda 6, ta tarar kuɗin Hukumar Ciniki, watau gumin manoman koko, sun zurare zuwa harkokin jam'iyyar da ke mulki. In daraktoci suka zama 'yan amshin shatan wanda ya naɗa su, haka abin yake ƙarewa.

Gyaran kuwa ba boyayye ba ne. Na farko, a naɗa mutum don saninsa, ko na lissafi, ko na injuna, ko na ciniki, kada kujerar ta zama tukwicin siyasa. Na biyu, a yanka masa wa'adi, kada a tuɓe shi don gwamnati ta sake, sai in ya ci amana. Na uku, a raba aiki: hukuma ta tsara hanya ta kuma tambayi manaja, manaja ya tafiyar da aikin yau da kullum. Darakta kuwa kada ya karɓi kwangila a inda yake tsaro. Na huɗu, kowace shekara masu binciken kuɗi daga waje su duba littattafai, a kai rahoton gaban majalisa, jama'a su gani.

Wanda ya san aikin Baitulmalin En'e a da ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Ma'aji ba ya fid da kwabo sai yana cikin kimar shekara, kuma ya san mai bincike na nan tafe.

Gwamnonin Arewa sun sha zama kan batun ta da masaƙar. Muna roƙonsu, kafin a nemo kuɗin injuna, a fara zaɓen mutanen da za su tsare su, a kuma bar su su yi aikinsu.